Lambar da Na Rataya wa Inna

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma da son raina ne da ban ba kowa labarinsa ba, don ban fito da mutunci a cikinsa ba. Amma ya tsaya mini a rai, gara in faɗa in huta.

Na tsinci kaina a wani gari da hantsi, ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tsattsafowa ya yi sama abinsa. Maza sun juya lemominsu sun riƙe a gwiwa, mata kuma sun kifa bokitai a jikin rufin kwano suna tara. Ban yi mamaki ba ko kaɗan. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ƙafar wandona ta jiƙe sharkaf, hulata kuwa a bushe, ga shi wandon jiya-jiya na karɓo shi daga guga.

Kowa a garin yana rataye da ɗan gwangwani a wuya, an buga haruffa a jiki. Kallo ɗaya na yi wa haruffan na gane su, domin da su nake cin abinci. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Kano, muna haɗa manhajar waya wadda tsofaffi za su yi wa magana ta riƙa tuna musu lokacin shan magani. Kafin waya ta gane magana sai an tara mata muryoyin mutane ta saba da su, kowace murya kuma sai an liƙa mata lamba. Ba lambar da muka ga dama ba ce, wadda duniya ta yarda da ita ce: haruffa biyu na harshe, biyu na ƙasa. Hausa ita ce ha. Ta Nijeriya ha-NG, ta Nijar ha-NE. In kuwa an saurari murya an rasa gane ko wane harshe ne, sai a sa mata und, wato ba a tantance ba. A ofishinmu duk muryar da ke da und ba ta shiga manhaja, ranar rufe aiki sharewa ake yi. Liƙa lambobin nan shi ne aikina, kuma ina ji da shi fiye da kima.

Na duba ƙirjina. Nawa gwangwanin ya kai faifai, na kowa kuwa bai wuce murfin kwalba ba. An rubuta ha-NG manya-manya, a ƙasa an sa Nu'uman, sai ƙyalli yake yi. Na gyara masa zama yadda za a gani da kyau.

Wani mai sayar da burodi da ha-GH a wuya ya gaishe ni da Hausar Kumasi, na amsa masa a daƙile. Wani malami kuma da ha-Arab, wato Hausar ajami, ya wuce ni yana tafiya daga dama zuwa hagu, duk da cewa titin miƙe yake.

"Ana nemanka a ofis," in ji shi, bai tsaya ba.

"Wane ofis?"

"Wanda kake ciki."

Na waiwaya, ashe kuwa ina ciki.

Awaki ne ke aiki a ofishin. Wani bunsuru yana bakin ƙofa da hular masinja, biyu suna buga na'ura da kofato, ɗaya tana barci a kan kabad da lasisi. Babbarsu wata jar akuya ce mai tabarau, tana zaune a bayan tebur da tarin takardu. In ta gama karanta takarda sai ta cinye ta, haka suke adana fayil a can, kuma an ce ba a taɓa ɓatar da ko ɗaya ba. A bango akwai agogo da ƙararrawa irin ta makarantar firamare. Agogon ya nuna tara da rabi.

"Kai ne mai liƙa lamba?" ta tambaye ni tana tauna.

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Shekara nawa?"

"Huɗu, ba a taɓa kama ni da kuskure ba."

"Haka ne," in ji ta. "Ba a taɓa kama ka ba. Leƙa waje."

Na leƙa ta taga. Akwai wani dogon benci a tsakar ruwan, mutum uku a kai, kowa da und a wuya. Na farko wani mutum ne da aka ɗauki muryarsa kusa da injin niƙa, ya zo da injin nasa ya ɗora a cinya yana ta ruri. Ta biyu wata mata ce mai magana da asuwaki a baki. Dukkansu ba su zauna daidai a kan bencin ba, akwai tazarar yatsa biyu tsakaninsu da katako, don haka aka ɗaure kowa da igiya a jikin turmi. In sun yi magana sai maganar ta bi ruwa ta yi sama, babu mai ji.

Ta ukun tana ƙarshen benci da ledar magani a hannu da auduga a idon hagu. Mahaifiyata ce.

Abin da na fara yi, kuma wallahi ina jin nauyin faɗa, shi ne na ja labulen tagar.

"Ka san ta?" in ji akuyar.

"Wa?"

Ba ta sake tambaya ba. Ta ce da masinja ya kawo ƙwaryar ranar Laraba. Ya kawo wata ƙwarya rufe da faifai, ta ture faifan da hanci, sai ga ofishinmu na Kano a ciki, ƙarami, har da fankar da ke ƙara. Ga ni nan a kujerata, ga abokan aikina, ga Mujittafa wanda teburinsa ke kusa da nawa, mutumin da ko kaza ta yi tuntuɓe sai ya yi dariya.

Ba sai an nuna mini ba, na san abin da ke ciki. Inna ta zo daga Ƙonni ta Nijar sati uku da suka wuce, aka yi mata aikin ido, tana zaune a gidana kafin ta warke. A Ƙonni aka haife ni, da damina ana tsakiyar noma, shi ya sa take kirana Nomau. Nu'uman kuwa ni na raɗa wa kaina a cikin motar da ta kawo ni Kano karatu, kafin mu iso Gusau na gama zama Nu'uman. Shekara goma sha biyar ina goge harshena har ya zama babu mai jin ƙamshin Ƙonni a bakina. A ofis cewa nake ni ɗan Fagge ne. Ranar da Inna ta sauka ma, tun ba ta sha ruwa ba na roƙe ta, in da maƙwabta a kusa ta riƙa kirana Nu'uman. Ta ce to.

Da muka rasa muryoyin tsofaffi isassu, sai na ɗauki tata a gida, guda arba'in. Ta yi wanka ta ɗaura sabon kallabi kafin ta zauna, duk da na ce mata murya kawai ake ɗauka. Da muka gama ta tambaye ni, "In na yi ma wayar ga magana, tana ganewa?" Na ce mata ita ce ma za ta fara ganewa.

A cikin ƙwaryar, ranar Laraba ce, ana sauraron muryoyi a lasifika kafin rufe aiki. Sai ga muryar Inna ta cika ofis.

"Na sha na sahe. Na rana na mance. Ku hwaɗa min in lokaci ya yi."

Ƙaramin Mujittafa na cikin ƙwarya ya kwashe da dariya har yana dukan tebur.

"Kai! Wannan tsohuwar wane yare take yi? Wa ya kawo mana ita?"

Na ga ƙaramin ni ya ɗaga kafaɗa.

"Oho. Cikin na ƙauye aka haɗo."

Sannan ya yi dariya, kuma tasa ta fi ta kowa ƙarfi. Ya juya ga na'urarsa ya zaɓi muryoyi arba'in ɗin gaba ɗaya, ya buga haruffa uku.

Akuyar ta mayar da faifan. Har mai barci a kan kabad ta farka tana kallona. Da ƙasa za ta tsage da na shige, to amma ƙasar garin ruwa take fitarwa, ba ta karɓar kowa.

"Ƙarfe goma ake rufe aiki," in ji ta. "In an kaɗa ƙararrawa sai a kwance igiyoyi, duk mai und ya bi ruwa."

"Ya bi ruwa zuwa ina?"

"Ba mu da fayil ɗin can."

Ni kuwa da bakina, maimakon in ce na tuba, sai na shiga kare kaina. Na gyara murya irin ta taro. Na ce ai lambobin nan ba su da tabbas, Hausar Ƙonni ba ɗaya take da ta Damagaram ba amma duk an haɗa su a ha-NE, na ce masana ma suna da ja a kai, na ce mutum mai kiyaye ƙa'ida gara ya bar abu a buɗe da ya yi gaggawa. Ina magana ina jin daɗin kaina. Akuyar ta saurare ni tana cin wani rahoto mai bango kore.

Sai ga mu a wani fili, ni da ita, an ja layi da alli a ƙasa. Tsofaffi biyu suna dara, gidan darar rabi a wannan gefe rabi a wancan.

"Wannan na Illela ne, wancan na Ƙonni," in ji ta. "Layin shi ne iyaka."

Na kasa kunne. Bakinsu ɗaya, zaginsu ɗaya, tarinsu ma ɗaya. Amma in na Illela ya miƙa hannu ya tsallake layi don ya ci ɗa, sai gwangwaninsa ya yi ƙaras ya juye daga NG zuwa NE, in ya janye hannu ya koma. Ko a jikinsa.

"Kin gani ko!" na ce, har da tafawa. "Abin da nake faɗa ke nan. Lambar ba ta da tsayayyen wuri."

"Lambar ba ta ce wani ya fi wani ba," in ji ta. "Gaya wa waya take yi wane kunne za ta sa. In ka rasa ƙasar da za ka ba ta, da ka rubuta ha ka tsaya, an san dai Hausa ce. Haruffa biyu ne. Kai kuwa uku ka rubuta, har ka ƙara wa kanka aiki."

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ɗago ya dube ni.

"Wanga ba ɗan Kuluwa ba na? Mai kashi a gindin zogalenmu?"

"Ba shi ba ne," na ce da sauri.

"To," in ji shi, ya ci ɗa biyu.

Muka dawo tsakar gidan ofis ba tare da mun taka ƙasa ba. Agogo ya fito waje da kansa ya jingina da bishiya, goma saura biyar. Mutanen gari sun cika wurin. A kan katanga abokan aikina ne a jere suna cin gyaɗa, ɓawon yana tashi sama, Mujittafa a tsakiya yana kaɗa ƙafa.

Akuyar ta sa aka kawo teburinta gaban benci. Ta zaro takarda guda.

"Gyara yana da sauƙi," in ji ta. "Wanda ya san ta zai tsaya nan ya faɗi abin da take a wurinsa, da bakin da ta goye shi da shi. Sai in canza lamba in cinye takarda, kowa ya tafi gida. Akwai wanda ya san Kuluwa ta Ƙonni?"

Inna ta ɗago. Da ido ɗaya take gani, shi ma ba sosai ba, amma ta gane ni tun daga takuna. Fuskarta ta washe. Tazarar da ke tsakaninta da benci ta kai taƙi guda yanzu, igiyar ta miƙe.

Na matsa gaba. Na rantse niyyata in faɗa ce. Kalmomin suna nan a ƙirjina, na san su, da su na fara magana a duniya. Na dubi katanga, Mujittafa ya daina tauna yana jira. Na buɗe baki.

"Dangane da wannan baiwar Allah," na ji bakina yana cewa, "bisa nazarin da sashenmu ya gudanar…"

Na rufe shi da hannu. Na sake gwadawa.

"Ba za mu yi gaggawar yanke hukunci ba, sai dai za a iya cewa akwai alamun…"

Gumi ya keto mini, shi ma sama yake yi, yana ɗiga daga goshina zuwa gajimare. Gwangwanin wuyana ya ƙara girma, ya kai tire, ya ja ni na duƙa. Wani a cikin taro ya ce wannan ai ya iya Hausa.

Inna ta dube ni, ta dubi katanga inda idona ke zuwa, ta sake dubana. Ta daɗe tana yi mini wannan kallon tun ina yaro, in na dawo daga makaranta na ce na ƙoshi alhali tukunya ce babu komai. Sai ta gyara kallabinta, sabon nan, ta sunkuyo kusa da kunnen akuyar don kada ruwa ya ɗauke maganar. Duk da haka kowa ya ji.

"Sannu da aiki, 'yar nan. Ni ban san shi ba."

"Kin tabbata, Inna?" in ji akuyar.

"Bawan Allah na, hanya ta biyo da shi. Ni ba ni da ɗa garin ga. Ku ƙyale shi ya tahi wurin aikinai, mutane na kallo nai."

Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, a farke ko a barci. Da zagina ta yi da na samu abin riƙewa. Ita kuwa rufa mini asiri take yi, da zuciya ɗaya, a gaban garin da na tsaya na kasa cewa uwata ce.

Akuyar ta dangwala kofato a tawada ta buga a takardar. Ta dube ni ta saman tabarau, ta jira kaɗan, ban san ko don tausayi ba ne ko don takardar ta bushe. Sannan ta cinye.

Masinja ya ɗauki ƙarfe ya nufi ƙararrawa.

Ƙwang. Aka kwance mai injin niƙa, ya tashi da injinsa yana ruri har ya ƙanƙance. Ƙwang. Mai asuwaki ta bi shi, tana ta bayani. Ƙwang. Bunsuru ya sa haƙori a igiyar Inna.

Ta tashi a zaune, yadda take zama a tabarma, ƙafafu a miƙe, ledar magani a cinya. A hankali take tafiya. Da ta zo daidai kaina sai ta leƙo.

"Malam, matsa gefe," ta ce. "Ruwa na ɓata ma wando."

Na yi tsalle in kamo bakin zaninta, tiren ya dawo da ni ƙasa. Na kama igiyarsa ina ja, ta ƙi tsinkewa, ashe ni na ƙulla ta, kuma na iya ƙulli. Na sa haƙori. Awakin suka tsaya suna kallo da sha'awar masu sana'a, ɗaya ma ta ce ba ta nan ake fara ci ba. Ƙwang. Ƙwang. Na ƙwala kira, Inna, Inna, amma abin da ke fita daga bakina haruffa ne na gwangwani, suna zubowa ƙasa suna ƙara. Ita kuwa ta kai tsayin bishiya, ta buɗe ledar tana lalube, na ga bakinta yana motsi. Na san abin da take tambaya. So take a gaya mata ko lokacin na rana ya yi.

Ƙwang. Ƙwang. Ƙwalalang.

Na buɗe ido. Murfin tukunya ne ya faɗi a simintin tsakar gida yana ta juyi. Gari ya waye tas, rana har ta shigo ta taga. Na lalubi wuyana, babu komai sai gumi. Na jawo waya, ranar Alhamis, bakwai da kwata. Na'urar aikina tana kan kujera inda na ajiye ta, ba a rufe aiki ba sai goma.

A waje na ji takunta, tana jan ƙafa tana lalube da hannu a bango, tana neman murfin. Matar maƙwabcina tana shara a ƙofarta, ina jin tsintsiyar. Inna ma ta ji ta. Ta tsaya a bakin ƙofata, na ji tana gwada sunan a hankali ita kaɗai kafin ta ɗaga murya, don har yau bai zauna mata a baki ba.

"Nu… Nu'uman? Ka tashi?"

Tsintsiyar maƙwabciya ta tsaya. Na sauko daga gado, na buɗe ƙofar gaba ɗaya.

"Nomau na, Inna," na ce da ƙarfi. "Bari murhin, ga ni nan tahe."